Awa Goma Sha Uku a Zaune

Laraba, ɗaya ga wata

Yaya,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ya jiki, ya nauyi? Mu nan lafiya lau, in ban da abin da na gani shekaranjiya Litinin da safe. Shi ya zaunar da ni rubutu, kin kuwa san ni da biro ba shiri muke yi ba.

Wajen bakwai da kwata ne, ina tsugune bayan tankin ruwa ina wanke kofuna uku. Umma ta fito daga ɗaki za ta zura silifa. Ta dama ta shiga. Ta hagu ta tsaya a yatsu. Ta tura, ta ƙi. Ta dafa bango ta sake turawa, har igiyar silifar ta yi mata shata. Sai ta waiga ko ana kallonta, ta saki zaninta ya sauka ya rufe ƙafar, ta ja silifar a haka, dunduniya a ƙasa. A bakin kicin ma silifar ta fice, ta bar ta nan. Kafin zanin ya sauka na ga ƙafar. Daga idon sawu zuwa gwiwa ta cika tam, fatar tana sheƙi, ta fi ɗayar duhu.

Ranar ce mijinki ya koma wajenki. Ina fata Injiniya ya sauka lafiya. Ya kawo tikitin Umma da fasfo ɗinta, huɗu ga watan gobe za ta taso, kamar yadda kuka tsara don haihuwarki ta same ta a can. Murna ba a magana. Ta sa tikitin a ƙarƙashin matashi, kullum sai ta ciro ta duba, ita da ba ta karatun boko.

Da rana da ta kishingiɗa barci ya ɗauke ta, na lallaɓa na auna ƙafafun da zare, daidai tsakiyar ƙwauri. Za ki ga zare biyu cikin ambulan ɗin nan. Baƙin na dama ne, jan na hagu. Ki jera su a kan tebur. Yatsa uku ne tsakaninsu.

Jiya na yi mata dabara, na ce a je a auna jininta kafin tafiya. Likitan ƙaramin asibitin bayan kasuwa ya ɗaga zanin, ya taɓa, ya ce akwai zafi. Ya ce a je babban asibiti a yi hoton jijiya, wataƙila jini ne ya daskare a ciki. Umma ta ce masa, “Hoto kuma? Na yi na fasfo, ya ishe ni.” Ya yi dariya, amma da ya rako ni bakin ƙofa ba dariya a fuskarsa. Ya ce tafiya ba ta cutar da ita, zama ne abin tsoro. In zaman ya yi tsawo, abin yana iya tashi daga ƙafa ya hau ƙirji. Ya tambaye ni awa nawa za ta yi a jirgi. Na ce takarda ta nuna tashi ƙarfe goma na safe, sauka ƙarfe uku na yamma, biyar ke nan. Ya ce ko biyar ɗin bai so ba sai an yi hoto.

Ta ƙi hoton, Yaya. Ta ce in na sake ambatonsa ba ni ba ita. Ranar Juma’a in kin bugo waya shagon mai kemis, kin san yadda take rungume kan wayar har layi ya yanke, ni gaisuwa kawai ke isowa gare ni. Shi ya sa na ce bari in rubuta.

Abu biyu nake roƙo. Ki sa baki ta yarda a yi hoton. Sannan ki faɗa min da bakinki, awa nawa ne tsakaninmu da ku? Ba wai ban yarda da takarda ba. Shekara tara ina gyaran agogo, na saba sai na buɗe baya na ga ciki.

Ƙaninki,
Auta

Litinin, sha uku ga wata

Auta sarkin agogo,

Na amsa sallama. Wasiƙarka ta iso yau, kwana goma sha biyu a hanya, kamar a ƙafa ta zo. Jiki da sauƙi, sai nauyi, mutumin ciki kuma ba ya barin ni barci, shura kamar ɗan ƙwallo. Ina zuwa shagon wanki da guga har yanzu, amma mai shagon ta ɗauke ni daga tebur, ta mayar da ni kanta ina karɓar kaya a zaune.

Injiniya ne ya karanta min wasiƙar, don kwanan nan idona yana yi min hazo-hazo, rubutunka kuma ka san sai mai haƙuri. Da zarurrukan suka faɗo mun yi dariya har na riƙe ciki. Ya ce ƙaninki ya gaji da agogo ya koma tela. Auta, ƙafa ai kumburi take yi. Zo ka ga nawa, duka biyun kamar an hura su, takalmin Injiniya nake sawa in je aiki. Umma shekararta sittin da biyu, kullum tana tsaye a kicin tana yi maka girki, ya kake so ƙafarta ta kasance?

Kuma ai likitan ya gama magana. Kai da kanka ka rubuta, tafiya ba ta cutar da ita, zama ne abin tsoro. To me ya rage? Zaman gidan nan ne ya ishe ta, shekara nawa ba ta leƙa ko’ina ba tun rasuwar Baba. Bari ta yi tafiyar ta sha iska. In ta iso, nan akwai asibiti a ƙarshen layinmu, sai a yi mata hoto kala-kala.

Kana tambaya awa nawa ne tsakaninmu da ku. Ai na sha faɗa, takwas ne. Sauran lissafin jirgi Injiniya ya fi ni sani, shi ke hawa da sauka. Ni ranar da na zo ban san me ake ciki ba. Na ci abinci na yi barci, na farka na ci na sake barci, aka sake kawo wani abincin, ina ɗaga labulen taga rana tana nan ba ta motsa ba. Har muka sauka ba ta faɗi ba.

Auta, ba ni da kowa a nan. Maƙwabciyata ko sunanta ban sani ba, gaisuwarmu ɗaga hannu ce a matattakala. Injiniya yana fita tun da safe, sai yamma lis. Wani lokaci in na tuna ranar da abin zai zo, sai in ga ina ƙirga matakalan bene, arba’in da shida, ina tunanin wa zai riƙe ni. Umma nake so kusa da ni. Kar ka sa mata tsoro.

Ka saya mata rigar sanyi mai kauri, cikin jirgi akwai sanyi. Ka kuma aske wannan gemun da ta ce ka tara, kar ka kai ta filin jirgi kamar wanda ya tsere daga daji.

Yayarka

Lahadi, ashirin da shida ga wata

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Allah ya raba lafiya. Maganar hazon idonki ba ta kwanta min ba, ki faɗa wa likitanki. Wannan wasiƙar ki daure ki karanta da kanki, na yi rubutun manya-manya.

Laifina ne, ban iya jera magana ba. Tafiyar da likita yake nufi ta ƙafa ce, takawa, daga ɗaki zuwa tsakar gida zuwa bakin titi. Zaman da yake tsoro kuma ba zaman gida ba ne. Zama ne a kan kujera, gwiwa a lanƙwashe, ba motsi. Wato jirgin shi ne zaman, Yaya. Ke kin karanta ta wata fuska, ni na rubuta ta wata.

Sai maganar awa. Jiya da wasiƙarki ta zo na wuni a shago ban gyara agogo ko ɗaya ba. Takarda ta ce biyar, ke kin ce takwas. Na ce ɗaya ya yi kuskure. Amma wa ke cin abinci sau uku ya yi barci sau biyu cikin awa biyar? Ko a takwas ɗin ma da wuya. Kuma wace rana ce za ta ƙi faɗuwa?

Can na tuna wani abu. Duk Juma’a ƙarfe biyu na rana kike bugowa, ki ce wa Umma ina kwana. Kullum sai ta yi dariya ta ce yarinyar nan ta rikice, rana tsaka tana gaida ni da kwana. Na san safiyarku ba tamu ba ce, amma ban taɓa ƙirga tazarar ba. Ashe takwas ɗin da kika ba ni na agogo ne, ba na hanya ba. Biyun ranarmu shidan safiyarku ne.

Na sauko da agogon bango biyu da masu su ba su zo karɓa ba, na kwantar da su a kan tebur, na cire gilasan. Ɗaya na ce namu ne, na sa shi goma na safe. Ɗaya naku, na ja shi baya awa takwas, ya tsaya a biyu. Sai na riƙa juya dogon hannu da yatsa, nan zagaye ɗaya, can zagaye ɗaya, ina ajiye ƙaramin sukuru a faranti duk zagaye, har naku ya kai uku na yamma. Na ƙirga sukurorin. Goma sha uku. Na zubar na sake, goma sha uku. Ƙarfe goman da ke takardar na agogonmu ne, ƙarfe ukun na agogonku. Ban taɓa zaton takarda ɗaya za ta yi aiki da agogo biyu ba tare da ta faɗa ba. Ba wanda ya yi kuskure tsakaninki da ita. Haɗa su ake yi.

Don kar in dogara da kaina na rufe shago na je ofishin masu sayar da tikiti. Matar da ke wurin ta duba littafinta ta ce haka ne, awa goma sha uku, ba sauka a hanya, kilomita dubu goma sha ɗaya da ɗoriya, fiye da rabi a kan ruwa. Na ce kujerar fa? Ta ce ta jikin taga ce aka zaɓa mata, mutum biyu ne tsakaninta da hanya. Kin san Umma. Za ta ce wa baƙi biyu su tashi ta wuce? Ta riga ta faɗa min ma ba za ta sha ruwa ba tun daren tafiya, don kar fitsari ya kama ta a gaban mutane. Ki tuna motar zuwa gidan Goggo, awa biyu kacal, sai mun kama ta take sauka.

Na kai agogunan gida na nuna mata. Ta zauna ta kalla har na gama juyawa, ba ta katse ni ba. Sai ta ce, “Ka gama wasan?” Na ce Umma, goma sha uku ne. Ta ce, “Ko kwana uku ne a zaune zan je. Na haifi yayarka ba uwata kusa, na san abin da ke ciki. Kwashe tarkacenka zan yi shara.”

Ƙafar ba ta sauka ba. Na sake aunawa, yanzu yatsa huɗu. Ta daina zuwa kasuwa da kanta. Na ga ta sayi takalmin tafiya ƙafa biyu iri ɗaya, ɗaya lambarta, ɗaya ya fi da uku, ta ɓoye sauran a bayan akwati.

Na san lissafin wannan ma. Wasiƙa kwana goma sha biyu take yi, jirgi saura kwana tara. Duk da haka zan jefa ta gobe, ko Allah zai sa ta yi sauri. Ranar Juma’a zan karɓe wayar daga hannun Umma ko za ta yi fushi. Ki tsaya a layi har ki ji muryata.

Auta

Asabar, ashirin da biyar ga wata

Auta,

Gaisuwa. Ban jira amsarka ba, don jiya da muka yi waya da Umma raina ya ɓaci, na kasa haƙuri. Jikina ba daɗi. An ce jinina ya hau, daga ƙarshen wata zan daina zuwa aiki in kwanta.

Umma ta ce ka hana ta sakat. Kana bin ta da zare, kana leƙen ƙafarta in tana alwala, ka je ka cika wa likita kunne har ya fara maganar hoto. Ta ce ƙafarta lafiya lau, ’yar gajiya ce, kumburin ma ya sauka. Har kuka ta yi min, Auta. Uwarmu, a shagon mutane.

Ka faɗa min gaskiya. Tsoron zama kai kaɗai kake yi? Wata huɗu ne fa, ba shekara ba. Ko har yanzu maganar takardunka ce da ba su yiwu ba, kake ganin mun ɗauki Umma mun bar ka? Wallahi mun yi ƙoƙari, ka sani. In ita ce ka fito ka faɗa, kar ka bi ta ƙafar Umma.

Na tambayi Injiniya. Kwana bakwai ya yi a garin, kullum yana gidan, Litinin ɗin da kake magana ma a can ya sha shayi. Ya ce bai ga komai ba, Umma da ƙafarta ta rako shi har bakin ƙofa. Ita ta ce ba komai, shi ya ce ba komai. To wa ya gani ban da kai? Faɗa min mutum ɗaya da ya ga abin da ka gani ran nan, sai in yarda.

Ranar Talata huɗu ga wata zan sa a kai ni filin jirgi ko da a kwance ne. Ƙarfe uku. Ka kawo min uwata.

Yayarka

A cikin ambulan ɗin, a wata ’yar takarda daban:

Ƙanina, ya aiki? Jinin yayarka ya hau sosai, likita ya ce kar a tayar mata da hankali ko kaɗan. Ka bar aiko da irin wasiƙun nan. Umma ta iso tukuna, ni zan kai ta asibiti da kaina, na nan sun fi na can. Mun yi magana da kai, ka riƙe.

Injiniya

Asabar, takwas ga sabon wata

Yaya,

Sallama. Ina roƙon Allah wasiƙar nan ta same ki da lafiya, ke da abin da ke cikinki, ko a hannunki in ya riga ya zo. Ban san halin da kike ciki ba. Na aiko ta ta adireshin shagon wanki, na rubuta wa mai shagon a baya ta kawo miki hannu da hannu. In idonki bai ba ki dama ba, ita ta karanta miki.

Umma tana da rai. Da wannan zan fara. Tana babban asibiti, hawa na biyu, gado na huɗu daga ƙofa. Ban san me aka faɗa miki ba, don haka zan faɗa daga farko.

Juma’ar da ta wuce waccan na karɓe wayar kamar yadda na yi niyya. Ba ke ba ce a layi, Injiniya ne. Ya ce kina kwance. Na ce awa goma sha uku ne, ba biyar ba. Sai ya ce layin ba kyau, a ba shi Umma.

Ranar Talata muka isa filin jirgi ƙarfe bakwai. Ta sa takalman nan, ƙarami a dama, babba a hagu, ta saki doguwar riga har ƙasa. Daga inda tasi ta ajiye mu zuwa layin awon kaya ta tsaya sau uku, wai tana gyara mayafi. Ina tura akwati ina ƙirgawa. Mutum goma sha ɗaya ne a gabanmu. Har muka kai na ƙarshe ban san abin da zan yi ba, wallahi. Ina ta tuna matakalanki arba’in da shida.

Ma’aikaciyar da ke bayan kanta ta karɓi fasfo, ta ɗaura wa akwati takarda. Sai na ji bakina ya ce, “Ranki ya daɗe, don Allah ki dubi ƙafar mahaifiyata ta hagu.”

Umma ta juyo. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, “Auta. A gaban mutane?”

Matar ta leƙo ta kan kanta, ta ga takalman. Ta kira wata ma’aikaciyar jinya, suka shiga da Umma wani ɗan ɗaki. Da suka fito aka ce ba za ta hau ba sai da takardar likita. Aka dawo mana da akwati. Umma ta zauna a benci ta ƙi tashi, tana kallon ƙofar da mutane ke shiga. Na tsaya a gefenta, ba ta dube ni ba. Muna nan har goma ta wuce, muka ji tashin jirgin, gilasan tagogi suna rawa. Sai da ƙarar ta ɓace sannan ta miƙe.

A cikin tasi ta juya min ƙeya. Mun wuce gadar sama na ji numfashinta ya canja, gajere-gajere, kamar wadda ta hau bene da gudu. Ta dafe haƙarƙarinta na dama. Na ce Umma lafiya? Goshinta ya jiƙe. Na ce wa direba babban asibiti, ya dube ta a madubi, bai tambaye ni komai ba ya taka mota.

Na duba agogon hannuna a lokacin, hali ne, ba na iya bari. Sha ɗaya da minti ashirin. Da ta hau, awa ɗaya da minti ashirin ke nan da tashi. Saura goma sha ɗaya da arba’in, a jikin taga, mutum biyu tsakaninta da hanya.

An yi hoton. Jinin ya daskare tun daga bayan gwiwa har cinya, wani ɓangare kuma ya ɓalle ya kai huhu. Suna yi mata allura a ciki safe da yamma, da robar iska a hanci. Na tambayi likitar ɗakin ko an fita haɗari. Ta ce in sake tambayarta bayan mako guda. Jiya matar gado na uku, wadda muke gaisawa da ’yarta, an ja mata labule aka fita da ita. Umma tana kallo.

Kwana huɗu ba ta yi min magana ba. Ina kawo abinci, ta karɓa daga hannun nas, ba daga nawa ba. Na kawo agogon nan naku na jingina shi a kan durowar gefen gado. Yau da safe ta daɗe tana kallonsa, sai ta ce, ba tare da ta juyo ba, “Ƙarfe nawa a wajenta?” Na faɗa mata. Ta ce, “Tana barci ke nan.” Iyakar abin da ya shiga tsakaninmu ke nan.

Tun ranar Talatar na je gidan waya na bugo gidanku don kar ki je filin jirgi. Injiniya ya ɗauka. Na faɗa masa komai. Ya ce zai gaya miki yadda ya dace. Jiya Juma’a na zauna a shagon mai kemis daga biyu saura kwata har huɗu. Wayar ba ta yi ƙara ba. Mai kemis ya ɗaga ta sau biyu ya saurara ko ta mutu ne, lafiyarta ƙalau.

Yau da na biya shago na tarar da wasiƙarki ta ashirin da biyar a ƙarƙashin ƙofa. Ban ji haushi ba, Yaya. Ba tsoron zama ni kaɗai nake yi ba, na iya dafa abin da zan ci. Maganar takarduna kuma na manta da ita tuni, ina son shagona.

Kin ce in faɗi mutum ɗaya. Na so a ce ba daga bakina za ki ji ba. An ce min in bari, za a gaya miki a hankali saboda cikinki, na ce to. Na ba shi kwana arba’in. Na ga bai faɗa ba, na ga kuma shi ke karanta miki wasiƙuna, ban san layi nawa ya tsallake ba. Ba na cewa mugunta ce. Na ga fuskarsa ran nan, tsoro ne a ciki, tsoron ki haihu ba kowa kusa. Amma mutumin da ya bi hanyar nan sau shida ya san ba biyar ba ce. Shi ya ɗora yatsa a kan tikitin ya ce min, “Goma zuwa uku, ƙirga da kanka, kafin ta gaji ta sauka.”

Kofuna uku nake wankewa da safen nan, nawa, na Umma, da na baƙon da muke jira ya zo shan shayi. Umma da ta waiga ba ta ga kowa ba, don ni ina bayan tanki, shi kuma yana tsaye a bakin ƙofar gida da jakarsa a kafaɗa, bai kai ga yin sallama ba. Ya ga silifar ta ƙi shiga. Ya ga ƙafar kafin zani ya rufe ta. Da Umma ta shige kicin, shi ya tako ya sunkuya ya ɗauki silifar, ya juya ta a hannunsa, ya dube ni, ya ajiye ta a gefen bango.

Mijinki ne, Yaya. Injiniya ya gani.